Gorar da Labaran Ya Ɗaga

Daminar bana ta cika shekara tara da rasuwar ƙanena Labaran, kaparan, wato kofur, a aikin pompiye, waɗanda 'yan'uwanmu na kudu ke kira 'yan kwana-kwana. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa. Duk shekara in na ji tsawar farko nakan ɗauki alƙalami in fara rubutu a kansa da ajamin da na iya, sai in ajiye ban gama ba. Bana na daure na gama, na ba wani ya mayar mini da shi boko, don abin da idona ya gani ya hana ni yin shiru.

Mutane sun ɗauka aikin pompiye kashe wuta ne kawai. A ƙasarmu ruwa ya fi wuta ba su wahala. Barikinsu na da wata kamiyo, babbar mota mai dogayen ƙafafu, tayarta ta kai ƙirjin mutum, wadda ake shiga ambaliya da ita a kwaso jama'a. Direbanta Saini ne, Bazabarme, abokin wasanmu mu Gobirawa. Labaran ba ya tuƙi. Aikinsa shi ne tafiya a ƙasa gaban motar, cikin ruwa, da doguwar gora a hannu yana dungurar ƙasa, motar tana bin sawunsa sannu a hankali.

A jikin gorar ya ɗaura jan ƙyalle, ɗani guda ƙasa da inda injin motar ke shaƙar iska. In ruwa ya taɓa ƙyallen, mota ba ta shiga, ko wane ne a hayi. Bai yarda a ɗaura masa igiya a ƙugu ba, yakan ce igiya a ruwa mai gudu danne mutum take yi ƙasa. Tsakaninsa da Saini alama ɗaya ce: in ya ɗaga gorar a gicciye bisa kansa, mota ta tsaya cak. Abin da ya fi ba mutane haushi kuwa shi ne kowane ƙetare sai ya sake awo, ko da yanzu-yanzu aka bi wurin. Na taɓa tambayarsa dalili, sai ya ce, "Yaya Malam, rairayin ƙorama ba ya riƙe alkawari. Inda ka taka da hantsi, da la'asar rami ne."

Ranar da abin ya faru babu ko gajimare a kanmu a ƙasar Gidan Sori. A gabas aka yi ruwan, ya biyo ƙorama ya iso mana babu sallama. Mai ɗakina Hajara da ɗiyarmu Rabi sun je suna a rugar Fulanin da muke zaman amana da su a hayin ƙorama. Ruwa ya rabu biyu ya kewaye tudun da rugar take. Samari sun bi shanu da iyo sun fita, aka bar mata da yara da tsofaffi. Mu muna tsaye a gaɓar nan muna kallon gefen tudun yana zaftarewa kaɗan-kaɗan kamar ana gutsurar fura. Muka ga bukkar farko ta karkata, ruwa ya tafi da ita. Na zauna a laka, na karanta duk abin da na haddace.

Bayan azahar kamiyon ta iso. Saini ya sauke gilasan tagogi duka, don in mota ta kife a sami mafita, ya leƙo ya ce, "Bagobiri, sauka ka share wa ubangidanka hanya."

Labaran yana ɗaure rigar da ke hana nutsewa ya ce, "In na bar ka kai kaɗai, Yamai za ka kai mu ta ruwa."

Ya gan ni zaune a laka. Bai tsaya ba, ya dai ce, "Yaya, ci gaba da addu'a," ya shiga.

Ƙetaren farko ya yi kyau, na biyu ma haka. Ya zaunar da mutane a ƙasan mota, a tsakiya, ya hana kowa tsayuwa ko taruwa gefe guda. Duk sanda mota ta fito nakan duba fuskoki, babu Hajara, babu Rabi. Daga baya na ji abin da ya hana. Fulanin sun ce baƙi za su fara shiga, ba sa barin baƙo a baya. Hajara ta ce ba za ta riga mai jego da tsofaffi ba, kuma ba za a ce kaparan ya fara da nasa ba. Rabi ta ƙi barin uwarta. Tana da ƙaramin ciki a lokacin, na fari, kunya ta hana ta faɗa. Ga ruwa yana cin ƙasa a ƙarƙashinsu, su kuma suna ja-in-ja a kan wa zai girmama wa.

Da aka koma ɗauko na ƙarshe rana ta sunkuya, tudun bai fi farfajiyar masallaci ba, ruwa kuma ya kusa ƙyalle. Mu da ke gaɓa hankalinmu ya gama tashi. Mutane suna ta ɗaga murya Labaran ya hau mota a taho, ai an san hanya. Hajara ta ce da ya ɗora ta sai ya ce, "Matar yaya, zauna tsakiya, nauyinki ya riƙe mana mota."

Ta ce, "Ɗan nema, kai ma hau mana. Ba nan kunka bi ba ɗazu?"

Ya ce, "Ɗazu ta wuce."

Ya sauka ya shiga gaba. Ina kallonsa yana dungura ƙasa yana matsawa, motar na biye da shi tana gurnani. A tsakiyar mashigin akwai bututun ruwa a ƙarƙashin hanya, ruwa ya cinye ƙasar da ke kansa bayan wucewarsu. Na ga gorar ta shige ba ta sami ƙasa ba, na ga inda yake tsaye ya burma da shi har ƙirji. Gorar doguwa ce. Da ya kafa ta a bayansa, ko ya gitta ta a bakin ramin, wataƙila da ta riƙe shi. Sai ya kama ta da hannu biyu ya ɗaga a gicciye bisa kansa. Mota ta tsaya. Na ga hannuwa da gora a kan ruwa, sai gora kaɗai, sai babu komai.

Saini bai fito ba. Ya riƙe injin yana aiki, don in ya mutu a tsakiyar ruwa babu mai tada shi. Wani pompiye ya sauka da wata gorar, ya lalubo ƙasa mai ƙarfi ta gefen da ruwa ke fitowa, motar ta rarrafo ta fito da kowa. Sai da aka ɓamɓare yatsun Saini daga sitiyari. Washegari aka sami Labaran a cikin gonar dawa can ƙasa. Gorar kuwa wani makiyayi ya tsince ta a maƙale a gindin gawo, ya kawo mini har gida.

Na yi imani da ƙaddara, na san tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma zuciya ba ta da ƙashi. Na sha tambayar Saini ko da an ɗaura wa Labaran igiya da ya tsira. Yakan girgiza kai ya ce bututun zai ja shi, igiya ta ja shi, abu ɗaya ne. Tun ranar bai ƙara kiran wani Bagobiri bawansa ba.

Yanzu an yi gada a wurin, alhamdu lillahi. To amma ƙoramu nawa ne a ƙasar nan? Bana, ranar kasuwa, a hanyar Agiye, na tarar da ruwa ya yanke hanya. Motar haya cike da mata da buhuna ta ja baya ta ɗauki gudu za ta faɗa, samari sun jeru a gaɓa sun ɗaga salula suna zuga direba. Babu wanda ya naɗe wando ya taka ruwan. Na yi ta kira a tsaya, muryar tsoho ba ta kai ko'ina ba. Motar ta fita, aka yi shewa. Wannan shewar ta fi komai tsorata ni, don wanda ya fita yau gobe ba zai tsaya ba, kuma wanda bai ji bari ba zai ji hoho. Da Labaran na nan ba na jin zai yi faɗa. Zai shiga gaban motar ya tsaya har a gaji da zaginsa. Sannu ba ta hana zuwa, amma wa ke da haƙurin sannu yanzu?

Kafin ruwan bana ya sauka Nasiru ɗan Labaran ya zo gaishe ni. Ya girma, ya shiga aikin ubansa, an sa shi a irin wannan mota. Bayan gaisuwa ya ce, "Baba, gorar na zo nema." Na so in hana. Na riga na binne ɗaya saboda wannan itace. Amma na san in ban ba shi ba, ruwan zai shiga dai, ko da gora ko babu. Na ɗauko ta daga rufin zaure. Ya ce motarsu ta yanzu ta fi ta da tsawo, ya auna ya ɗaura sabon ƙyalle sama da na ubansa. Na ce kada ya kwance tsohon. Ya dubi ƙyallayen biyu, ya ce, "Na ƙasan zan bi."

Labaran bai bar gida ba, bai bar gona ba. Ya bar matan wata ruga da har yau suke aiko mana da nono ranar salla. Ya bar yaron da Rabi ta haifa, wanda aka sa wa sunansa, yana zuwa lakol, makarantar boko, yanzu. Ya kuma bar wannan gora, wadda ta koma gaban mota. In kuka tarar da ruwa ya yanke hanya, kuka ga wani yana tafiya gaban kamiyo yana dungurar ƙasa, don Allah kada ku gaggauta shi. Ɗanmu ne.