Sallama Uku a Lolo

Mun tashi da asuba daga Birnin Kebbi, ni da abokin aikina na gyaran kwamfuta, saboda kiran wani Alhaji mai ƙaramin asibiti a Lolo. Kwamfutocin asibitin duk suna ɗaukar hotunan sikanin daga wata babba guda, to hotunan sun fara lalacewa. Shi kuwa ya riga ya gama shari'a a ransa: Safiya ce, ma'aikaciyarsa 'yar tsallaken Benin. Shaida kawai yake so mu bayar ya sallame ta.

A hanyar Bagudo kowa kallon ɗan fasa-ƙwauri yake yi wa kowa. A wani shinge jami'i ya ɗaga jakar kwamfutata yana jinjinawa, wai ko shinkafa ce. Da muka haye kogin Kwara muka tsaya cin soyayyen kifi, mai kifin na ganin baƙi ta ninka kuɗi. Na ci ina harararta, amma tsakani da Allah kifin ya yi daɗi.

Mun tarar da Lolo ta cika maƙil, ranar kasuwa ce. Alhaji ko ruwa bai bari mun sha ba.

"Ku duba da kyau," in ji shi. "Tun da yarinyag ga taz zo aiki ya lalace. Wa ya san wanda taka aika ma?"

Safiya na zaune a kan benci da ƙullin kayanta a gefe, ba ta ce uffan ba. Ni ma shirun nata bai kwanta mini ba.

Da na leƙa cikin babbar kwamfutar sai na ga manhajar rabon fayil, wadda ke aiki a ɓoye ba ta nuna komai a allo, ta tashi har uku. Kowace tana rubutu a kan hoto ɗaya, kamar matuƙa uku a kwalekwale kowa da inda ya nufa. Na kashe su, na ce wanda ya saba kunnawa ya zo ya kunna.

Alhaji ya naɗe hannun riga. "Ba ni barin kowa shi taɓa ta."

Ya danna, ya saurara. Shiru. Ya sake, ya kuma sakewa. Na ce, "Alhaji, me ya kai mu uku?"

"Ai sallama uku ta, Malam. Ita ko ba ta taɓa amsawa ba."

Dariya ta zo mini iya wuya, na dubi Safiya na haɗiye. Na sa wa manhajar alama irin butar da ake ajiyewa a ƙofar banɗaki: wadda ta fara tashi ta ajiye, ta biyu ta gani ta juya. In wuta ta ɗauke aka bar buta ba kowa ciki, wadda ta tashi daga baya ta tabbatar kafin ta shiga. Na kuma sa in an danna ta rubuto, "Wa alaikumus salam, ina nan."

Na ja Alhaji gefe na gaya masa gaskiya: dannawarsa uku ce ke lalata hotunan. Ya dubi yatsansa, sannan ya taka har gaban bencin.

"Ɗiyata, ki yafe mani."

"Na yafe, Baba. Amma da ni ma ka yi mani sallama ko guda, da na amsa."

Sai da ta kwance ƙullin kayanta muka kama hanya. Mun iso gida bayan la'asar, jiki duk ya yi tsami. Abin da na ɗauko daga Lolo shi ne, dattijon nan ya yi wa na'ura sallama uku kullum, amma wadda ke zaune kusa da shi bai taɓa tambayarta ba.