Ɗakin da ke Tsakanin Zira da Vandi

Sini kafinta ne, mutumin Michika, amma a Mubi ya yi furfura, zamanin jihar Gongola. Mutanensu bisa jerin haihuwa suke raɗa suna: Tizhe, sai Zira, sai Tumba, sai Vandi. Don haka duk wanda ya ji yana kiran 'ya'yansa ya san akwai giɓi, domin Tumba kogin Yedzaram ya tafi da shi wata damina, ko gawarsa ba a gani ba.

Ranar fitar da harsashin sabon gidansa, Sini yana zana ɗakunan yara da toka a ƙasa, Bunu magini na biye da igiya.

"Baba, wannan na tsakiyar fa, na wane ne?" in ji Bunu.

Sini ya tsaya yana kallon tokar. Wallahi bai san ya zana ba. Ya ɗaga ƙafa zai share, matarsa Margret ta riƙo rigarsa.

"Bar shi, Baban Tizhe. Ƙofar dai ta kalli kogi."

Haka aka gina shi. Kowace ƙofa a gidan nan Sini ya sa mata sakata da hannunsa, ban da wannan.