Arzika Makanike da Motar Esansi

Ina kasuwar Ɗan Kassari, ina gwada wa wani wando, wayata ta yi ƙara, na ga sunan ɗana Nasiru. An daɗe duk kiran da ya fito daga lambarsa sai gabana ya faɗi, don ina tsoron ranar da baƙuwar murya za ta ce an tsince shi gefen hanya. Muryarsa ce. Ya ce, "Baba, Baba Arzika ya faɗi cikin garaji. Mun kai shi likita, amma rai ya yi halinsa." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna bisa keken ɗinki, mai wando yana tsaye da ƙafa ɗaya a ciki.

Ni Gado tela, ban isa rubuta ta'aziyya ba. Lakkwal ɗina, wato karatun boko, ta tsaya inda mushe, malaminmu, ya gaji da duka, ni ma na gaji da sha. Amma Arzika taubashina ne, uwarsa ƙanwar ubana, kuma tun muna kiwon awaki a Dumega yake kirana bawansa, ina kiransa tulun baƙin mai. Mutumin da ka zaga shekaru masu yawa, in ya mutu kai ya kamata ka faɗi gaskiyarsa.

Duk Dogon Dutsi an san garajinsa. Ba ya buga ƙarfe da fushi. In an kawo mota, ba ya fara tambayar mai ita. Sai ya ɗora kan sukundireba a jikin inji, ya kanga kunne a ƙotar, ya yi shiru. Yakan ce, "Inji ba shi ƙarya, mai shi ka yi." Mai amalanken jaki in ya zo da tayar da ta lotse, da hannunsa yake gyara masa, ko da mota tana jira.

Bara wani Alhaji mai fataucin esansi, wato man fetur, ya jawo wata tsohuwar mota daga Yamai zuwa garajin. 'Yar Amurka ce, ta girmi Nasiru nesa, mai dogon hanci, silinda takwas. Ya ce a ƙara wa injin girma, yana son motar da za ta ɗauko jarkoki daga iyaka ta bar 'yan duwan, wato kwastan, suna kallon bayanta. Direban da ya zaɓa kuwa Nasiru ne, ɗana na biyu, shi ya sa nake iya kama sunansa. Magidanci ne, da mata da jinjiri, tuƙin taksin daji ya ishe shi. Na san 'ya'yan mutane da suka shiga wannan hanya, na kuma san inda aka kwantar da wasunsu. Na yi faɗa, na yi lallashi, har rashin lafiyar ƙarya na yi. Nasiru ya sayo mini magani, ya ce aikin dai zai yi.

Sai na tafi wurin Arzika. Na iske ya dawo daga Sakkwato, inda aka rarake masa ramukan silinda suka ƙara faɗi. Ya jera manyan fistin bisa tsumma mai tsabta kamar kayan lefe. Yana goge cikin injin da zarto a hankali, don sabon karanshaf ɗin da ya samo yana da dogon zagaye, in ba a buɗe masa wuri ba zai daki bango.

Na ce, "Tulun baƙin mai, ka gina shi rago mana. Wa za shi sani? Ka sassauta wani abu, ta riƙa tari kamar ni."

Ya ce, "Bawana, kai in an ba ka yadi, hannu guda kake gajartawa don mai rigar ya daina sata?"

"Ni ɗiyana nika magana."

"Na ji. Ƙarfe na da haƙƙi, mai shi na da haƙƙi. Koma ɗinkinka."

Na fita da fushi. Na daina zaginsa, wanda tsakanin taubasai ya fi zagi muni. Ta bakin Nasiru nake jin labari: an ɗaura fistin, Baba yana juya injin da hannu yana saurare, an sa babban lagireto mai sanyaya inji. Ranar da ta tashi, daga shagona na ji rurinta. Mutane suka ruga kallo, ni allura ta soke ni.

Sabon inji ba a sakar masa wuta nan take, sai an bi da shi sannu ya saba, abin da makanikai ke kira rodaj. Arzika ya ce shi zai zauna gefen direba har a gama. Haka suka yi ta yawo, Tibiri, Dumega, Lugu, motar da aka gina don tsere tana bin bayan amalanke. Na ce ko yana yi masa nasiha ne a hanya. Nasiru ya ce ba ya cewa komai sai "rage" da "canza giya".

Wata safiya suka tsaya ƙofar shagona. An cire kujerar baya, an cika wurin da jarkoki. Arzika ya ce, "Ruwa ne, nauyin kayan Alhaji nika gwadi. Saura jarka guda, shigo ka cike."

Na shiga, na takure tsakanin jarkoki. Muka bar gari, muka kama wata miƙaƙƙiyar hanyar jar ƙasa da ba kowa. Arzika ya ce, "To, ba ta duka." Nasiru ya taka totur. Bayana ya manne da jarka. Itatuwa suka daina zama ɗaya ɗaya. Na fara salati, na manta tsakiyarsa, na koma farko. Ta madubi na ga fuskar ɗana, yana murmushin da ban taɓa gani gare shi ba, wannan ya fi gudun tsorata ni.

Can gaba akwai wani gawo inda hanya ta karkata. Arzika ya nuna shi, ya ce da muryar da yake neman shayi, "Ga yarinya can ta koro awaki. Tsaya kafin gawon."

Babu yarinya, babu awaki. Nasiru ya taka birki. Motar ta yi kamar ba da ita ake ba. Ya sake takawa da dukan ƙarfinsa, warin ƙuna ya cika ciki, jarkoki suka taho kaina. Gawon ya zo, ya wuce. Muka bar hanya, muka faɗa wani fili na rairayi, taya ta nutse, muka yi ta ja har ta tsaya don kanta. Daga baya na gane Arzika ya san filin, shi ya zaɓe shi.

Ruwa yana zuba cikin wuyan rigata, ban tabbatar duka na jarka ba ne. Arzika ya fita, ya taka da ƙafa har gindin gawon, tafiya mai nisa, ya dawo, ya leƙo ta taga. Ya ce, "Inji aka ce in ƙara, na ƙara. Birkinta na kakanka ne. Mai ƙara ma doki hatsi, shi ƙara ma linzami ƙarfe. Ko an ƙara, da wanga kaya da wanga gudu, yarinyar can ba ta kai gida."

Nasiru bai ce zai bari ba, bai ce zai yi ba. Ya daina cin abinci sosai, Alhaji kuma yana ta aike. Arzika ya ɗora motar bisa duwatsu, ya kwance tayoyi, ya ce ba ta fita sai ya sake birki. A ƙarƙashinta ya faɗi. Ban samu na koma zaginsa ba.

Ranar sadakar uku Alhaji ya zo. Bayan addu'a ya matso kusa da Nasiru, ina gefe ina yi kamar ina jan casbi. Ya ce, "Allah ya ji ƙan Malam. To, yaushe za mu fara?"

Nasiru ya ɗago kai ya dubi Alhaji.

Ya ce, "Alhaji, birkin da Baba ya fara, ni zan ƙarasa shi, don wanda za shi tuƙa ta shi ma ɗan wani ne. Amma direba, ka nemi wani."

Alhaji ya tashi ya sa takalmansa. An san ni da baki, amma ranar sai na rufe fuska da hula.

Allah ya gafarta wa Arzika, ya yalwata kabarinsa, ya sa aikin hannunsa ya zama shaida gare shi. Allah ya ba matarsa Hajo da 'ya'yansa haƙuri, ya tsaya musu inda shi ya saba tsayawa. Allah ya kiyaye ɗan da zai hau waccan mota, ya mayar wa uwarsa da shi lafiya. Mu kuma, in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.