Hoton Inna a Cikin Ordinatar

Ko zan manta da komai a rayuwata, ba zan manta da safiyar da na goge fuskar mahaifiyata da yatsana ba.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki ce, ga kuma fari ya cinye gonaki. Ina aikin jinya a wani ƙaramin asibitin coci a unguwar Gamkalley ta Yamai, iyayena suna ƙauyenmu wajen Dogondutsi. Akwai tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, guda ɗaya a ofis, sakatarenmu ke kula da ita.

Wata rana ya kira ni yana murmushi. "Madam, zo ki gani, kamar garinku ne."

Shafin wata ƙungiyar agaji ne. Ga mata a layi ana rabon hatsi, ga Inna a gaba da ƙwarya a hannu, ta rame har ɗankwalinta ya yi mata yawa. Matar da duk rayuwarta ta ƙi tsayawa gaban mai hoto, ita ce duniya ke kallo.

Ya ce, "In buga miki shi a takarda?"

Raina ya ɓaci. Ni da albashina a Yamai, uwata a layin sadaka? Na ce ya rufe abin nan, kada ya nuna wa kowa. A lokacin ina ganin mutuncinta nake karewa. Yanzu na san nawa nake karewa, don ina da girman kai irin na ƙaramin ma'aikaci.

Kafin damina ta kankama Inna ta rasu. Da na dawo daga zaman makoki sai hoton ya faɗo mini, na ruga ofis. Intanet ta katse kwana da kwanaki, babu wanda ya san ranar dawowarta. Na zauna ina kuka.

Sakataren ya latsa wani wuri, sai ga Inna ta fito. Ya ce injin yakan ajiye kwafin shafin da aka taɓa buɗewa a cikinsa, ana iya kallo ko babu intanet. Na'urar buga takarda ta lalace a makon, ni kuwa ban damu ba. A tunanina abin da ya shiga cikin inji ya shiga ke nan, kamar hatsi a rumbu. Kullum kafin in fara duba marasa lafiya sai na gaishe ta.

Na aika wa Baba cewa akwai hoton Inna. Tsohon da bai son Yamai ko kaɗan ya hau mota da ciwon ƙafarsa, ya iso da yamma. Washegari na riga shi zuwa ofis don in shirya. Na tarar intanet ta dawo, sakataren bai iso ba. Hoton ya ɗan yi dishi-dishi, idon Baba kuma ba ƙarfi. Na ce bari in sabunta shafin ya fito tas. Na latsa.

Shafin ya yi fari, sannan ya dawo da wasu maza cikin kwat suna musabaha gaban buhuna. Ƙungiyar ta canza labarinta tun tuni, injin ya zubar da tsohon ya ɗauki sabon. Na latsa wurin komawa baya, na sake latsawa, babu Inna. Da sakataren ya zo ya tona duk inda ya sani har zufa ta jiƙe rigarsa. Ya rubuta wa ƙungiyar wasiƙa, ba su taɓa amsawa ba.

Baba ya shigo da sandarsa, sanye da rigar da yake zuwa coci da ita. Ya zauna gaban injin, ya goge idonsa da kyau. "To, ina take?"

Na durƙusa na faɗa masa komai, har da ranar da na ƙi a buga. Ya daɗe yana kallon mutanen nan masu kwat.

"Tashi, ɗiyata," in ji shi. "Ni na san huskatta. Ɗiyanki ne ba za su sani ba."

Yau 'ya'yana uku, Baba ma ya tafi. In suka tambaye ni kamannin kakarsu sai in yi ta kwatance, kuma kowace shekara kwatancen yana raguwa. Abin da na koya shi ne, kada ka ji kunyar naka a halin da ka same shi. Ka riƙe shi a ranar, da ramarsa da ƙwaryarsa, don wataƙila shi ke nan abin da za a ba ka.