Tukunyar Ƙwan Mbuya Gondo

Kafin rana ta leƙo ta kan duwatsun Gutu, Mbuya Gondo, wato Kaka Gondo a yarenmu, ta riga ta durƙusa bakin akurki tana yi wa kajinta faɗa, sai ka ce jikokinta ne. Ƙwan da ta ɗauko ba ya ganin ruwa. Da busasshen ɓawon masara take kankare kashin kajin a hankali, ta goge da tsumma, ta jera shi cikin tukunyar ƙasa mai dusa, tsininsa na kallon ƙasa. Tukunyar na can lungun ɗakin girki inda ya fi sanyi. Kuskura ka taɓa ta, ranar za ka san tsohuwa na da murya.

In ka tambaye ta dalili sai ta ce, "Kaza ta sa wa ƙwanta riga tun yana ciki. Kai da ka fi ta sani, wanke rigar ka gani."

Mun sha yi mata dariya, har shekarar da annoba ta faɗa wa kaji. Ƙauyen ya yi tsit, ko zakara ɗaya bai tsira ba. Baƙo ya zo sai a tura masa sadza, tuwon masararmu, da ganye ba nama, ana sunkuyar da kai. Irin kajinmu kaf ya rage a tukunyar nan, kuma babu kazar da za ta kwanta a kai.

Ana cikin haka aka kawo mata suruka, Nyarai. Amarya dai aikinta ne ta yi sammako ta share tsakar gida, ta kai wa kowa ruwan ɗumi na wanke fuska. Ruwa ya rage a bokiti, yarinya na neman yabo, ta leƙa tukunya ta ga ƙwai da tabo-tabo. Ta jawo sabulu ta dage.

Mbuya ta shigo an wanke kusan rabi.

"Amai, dubi yadda suka yi fes!" in ji Nyarai, don haka ake kiran uwa a yarenmu.

Maƙwabta suka kasa kunne suna jiran tsawa. Tsohuwa ta dafe kai, can sai ta fashe da dariya har da hawaye.

"Wayyo 'yata, kin tuɓe su tsirara! Waɗannan sai dai tukunyar miya. Amma faɗa mini, ciwon nan ya kai garinku?"

"Bai kai ba, Amai. Mahaifiyata ma tana da wata baƙar kaza da ta fara kwanci, ta hana kowa sakat."

"To, me kike jira? Ɗaura zane!"

Mutane sun shaida yadda suka tsallake rafi a ranar, amarya da tukunya a ka, tsohuwa a baya tana ta "A hankali, ba rawa aka ce ki yi ba!" Bayan 'yan makonni suka dawo da kwando yana ta tsiyau-tsiyau. Da 'yan tsakin suka tasa, Mbuya ta bi gida-gida tana rabawa, har gidajen masu yi mata dariya.

Mbuya Gondo, ke ce uwar kajin ƙauyen nan. Ke ce kika ga ɓarna da idonki, kika rufa wa amarya asiri, kika mayar da ita abokiyar aiki. Wallahi muna ƙaunarki, kuma ba ma jin kunyar faɗa.

Bana gwiwa ta hana ta durƙuso, ta miƙa wa Nyarai tukunyar. Ita ma yanzu ba a taɓa mata ita, har muryar ta gada.

Mun gode, Mbuya, Allah ya ƙara lafiya. Ku kuma masu kaji a bayan ɗaki, ku ajiye sabulu ku nemi ɓawon masara, in ƙaramin ku ya yi kuskure ku yi masa irin nata. Gobe da asuba in zakara ya tashe ku, kada ku tsine masa. Daga tukunyar Mbuya kakarsa ta fito.