Mai Ɗibar Ƙasa a Abatuwa

A bakin wani gareji a unguwar Abatuwa, kusa da mayanka, ga dattijo fes cikin farar riga, ya durƙusa yana kankarar ƙasa da cokalin shayi, yana zubawa a kwalba. A nazarina, tsohon ma'aikacin reluwe ne.

Sai wani mahauci ya cafke hannunsa. "Baba, nan na taka yanzu. Sawuna kake ɗiba ka yi mini sammu?"

Dattijon ya nuna masa hoto a waya: ɗan jirgin ƙasa na wasa bisa tebur, gefen 'yar ma'aikatar kuza da ya ƙera. "Ƙasar da ta sha baƙin mai nake nema in barbaɗa a nan, oga. Farin yashi ba ya kama da filin ma'aikata."

Mahaucin ya yi dariya, ya sake shi. Amma sai da ya goge sawunsa da takalmi sannan ya wuce.