Takardun Arzika Tela

Arzika Tela bai taɓa buga ƙwallo ba, don da ɗingishi ya tashi. Amma duk wanda ya san farkon ƙungiyarmu ta Damisar Kende ya san shi.

Mu goma sha ɗaya muka fara, a wani fegi da aka girbe gero. Ni ne mai tsaron gida. Turakunmu na gora ne, ƙwallon kuwa baduku ya yi mata faci har ba a gane asalin fatarta. Arzika yakan zauna a kan kekensa na hawa bakin fili da littafi da biro, yana rubutu da ajami, don bai yi boko ba. Ran kasuwa sai ya ajiye ɗinki ya karanta wa waɗanda gona ta hana su kallo. Da sallama yake farawa, ya faɗi sunan kowane ɗan wasa da na ubansa, kana ya shiga labari: "Bayan la'asar, rana na dukan idon mutanen Geza, sai Bunyaminu ɗan Mai Jirgi ya saki wata ƙafa." Ranar da 'yan tsallaken iyaka na Benin suka zura mani biyar, ya rubuta cewa mun karrama baƙi.

Shekara talatin da wani abu yana haka, har ido ya ƙi. Takardun suna cikin akwatin ƙarfe a ɗakinsa.

Bara Muktar, sakataren yaran da ke riƙe da ƙungiyar yanzu, ya ce za su yi rajista, ana son tarihi da sunayen waɗanda suka kafa ta. Aka sa ranar da zan karanta ajamin shi kuma ya juya da boko. Muka je da hantsi. Arzika ya kira 'yarsa Bashira ta kawo akwatin. Ta kawo shi wayam.

"Ke, ina takarduna?"

"Baba, ai ruwan da ya shiga ɗaki da damina ya jiƙa su, duk sun yi fumfuna. Na ga rubutun Arabiyya ne, na ji tsoron a taka sunan Allah. Na kai gulbi na saki, yadda ake yi."

"Duka?"

"Duka, Baba. Ba addu'o'i ba ne?"

Arzika ya juya wajenta. Ya ce, "Kin yi ladabi, ɗiyata. Tahi abinki."

Muktar ya ce to a faɗa da ka. Arzika ya fara lissafi da yatsu, kowa da sunan ubansa. Ya kai bakwai ya tsaya. Na tuna masa biyu. Saura biyu: wani dogon Bafillace mai buga baya, da wani da ya koma Matsinkai ya rasu can. Ina ganin fuskokinsu sarai, sunan ya ƙi zuwa. Daga cikinmu ni kaɗai na rage da rai, balle a tambayi wani.

"Kaka, a sa 'da sauransu' kawai," in ji Muktar, yana duba wayarsa.

Arzika ya ce, "Ba sauransu ba ne, ɗana. Mutane ne. Dakata kaɗan."

Muktar ya dakata har aka kira azahar. Sannan ya rubuta 'da sauransu' ɗin nan, ya rufe littafinsa, ya yi mana sai an jima.